Sawun da Ya Fita daga Ɗakin Hoton Ƙarfe

Masu shara ne suka fara ganin Ya'u mai gadi da safiyar Litinin. Yana kwance rubda ciki a bayan ɗakin gwaje-gwaje na sashen injiniya, jini ya bushe masa a ƙeya, hularsa tana can gefe cikin ciyawa. Yana numfashi, amma ko an kira sunansa ba ya motsi. Kafin motar da za ta kai shi asibiti ta iso, ma'aikata da ɗalibai sun cika wurin, kowa na leƙen ƙofar ƙarfen da aka yanke wa sakata.

A wannan ɗaki ne jami'ar, wadda ke wajen garin Daura, take koya wa ɗalibai ɗaukar hoton cikin ƙarfe, kamar yadda ake ɗaukar hoton ƙashi a asibiti, don a ga tsagewa ko ramin da ido ba ya gani a cikin walda. Babbar na'urar eksire tana nan a girke, ba a taɓa ta ba. Kwamfutoci ma suna nan. Abin da aka ɗauka wata ƙaramar na'ura ce da ake fita aiki da ita, mai launin rawaya. Girmanta bai wuce na ƙaramar jarka ba, amma sai ƙato ke iya tafiya da ita. Ma'aikata suna ce mata kyamara.

Dakta Khairunnisa, malamar da ke kula da ɗakin, ta ja Sufeto Hafizu na 'yan sanda gefe.

"Yallaɓai, wannan babbar in aka kashe mata wuta ba ta cutar da kowa. Waccan ba ta aiki da wuta. A cikinta akwai wata ƙwaya da ba ta kai wake ba, ita ke fitar da tururin da ke ratsa ƙarfe, kuma ba a kashe ta. Duk nauyin na'urar na garkuwar da ta rufe ƙwayar ne. In mutum ya fito da ita ya riƙe, naman jikinsa zai ruɓe tun yana da rai."

"Yaushe kuka yi aiki da ita na ƙarshe?"

"Makon jiya, a Rijiyar Kalgo ta ƙasar Sandamu, inda tankin ruwa ya rufto ya kashe wata tsohuwa da wata yarinya. An roƙe mu mu ɗauki hoton waldar ƙafafun tankin."

"Wa ke riƙe da makulli?"

"Ni da Nu'uman."

Nu'uman shi ne ma'aikacin da ke gyara na'urori yana kuma koya wa ɗalibai walda. Tuni ma an fara ambaton sunansa a bakin taga. Wani ya ce yankan sakatar rufa ido ne kawai. Wata ta ce ɓarawon waje ai kwamfuta zai ɗauka. Kafin hantsi ya yi zafi, Nu'uman yana bayan motar 'yan sanda, kansa a sunkuye.

Sufeto ya kori jama'a daga bayan ɗakin, ya sa aka kewaye da igiya, sannan ya buga waya Mai'adua ya ce a ɗauko masa Hamma.

*

Hamma mai bin sawu ya kusa shekara saba'in. Da bin sawun shanun sata aka san shi, daga rugage har kasuwannin kan iyaka. Tun da aka yi masa aikin yanar ido yake sa wani tabarau mai kauri da ya ɗaure da zare. Ya sauko daga babur, ya gaisa da kowa, ya cire takalmansa ya rataya a sanda.

Ƙarshen damina ne, yashi bai gama bushewa ba. Ya zagaya katanga a hankali har ya tsaya a wani wuri.

"Mutum ɗaya ne. Ya shigo a sake, ya fita da kaya. Dubi yadda diddigen ya nutse." Ya durƙusa. "Takalmin roba ne mai rufi. Ƙasansa duk 'yan ramuka, kamar an taka garwashi."

"Tartsatsin walda ke yin haka," in ji Dakta.

Sufeto ya sa aka kawo takalman Nu'uman. Da aka juya su, ga ramuka birjik. Ya dubi Hamma.

"Girman ya yi kusa, Yallaɓai," in ji tsohon. "Amma masu walda suna da yawa a ƙasar Daura. Bari mu bi."

Dakta ta shige gaba riƙe da mitar da ke ƙara in ta ji tururin.

"Baba, ka yi haƙuri, ni zan riƙa wucewa. In wannan ta yi kuka, duk inda kake ka juya."

"To, 'yata. Sai dai kar ki taka min sawun."

Suka ratsa gonar gero da ya kusa isa girbi, suka gangara wani busasshen rafi. A gindin wata tsamiya sawun ya tsaya. Mutumin ya daɗe a tsugune a nan. Ga inda ya ajiye kayan, ga inda gwiwarsa ta danna yashi, ga garin ƙarfe da guntun bakin zarto da ya karye. Daga nan sawu ya rabu biyu. Ɗaya na mutumin ne ya nufi gabas. Ɗayan kuwa na tayar baro ne da ta nutse sosai, ta hau hanyar gari.

"Ya miƙa wa abokinsa," in ji Hamma. "Nauyin ya koma cikin baro. Kaya muke nema, mu bi kaya."

*

Bin baron ya ci musu yini guda, don ya shiga unguwanni inda ƙafa ta yi yawa. Sai washegari da hantsi tambaya ta kai su filin Amadu mai sayen gwangwan, can bayan kasuwa. Kyamarar tana nan a kan sikeli, an ɗora mata tsohon radiyeta.

Amadu ya ɗora hannu a ka. "Wallahi tallahi, Yallaɓai, ban san ta sata ba ce! Wani mai ɗiban yashi ne ya tsince ta a rafi jiya da sassafe, ya turo min. Ga gidansa can, a tambaye shi."

Jama'ar kasuwa sun riga sun taru, wasu na cewa dama an san halin masu gwangwan. Dakta ba ta saurare su ba. Ta matsa da mitarta a hankali. Mitar ta ɗan yi ƙara sama-sama. Ta zagaya bayan na'urar, ta ga an yanke makullin da ke riƙe ƙwayar, ta haska tocila a ramin. Sai ta nemi wani bokiti ta kife ta zauna.

"Babu komai a ciki. An zare ta."

Aka kawo mai ɗiban yashin. Silifa ne a ƙafarsa, kuma labarinsa bai saɓa da na Amadu ba. Hamma ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"Ni na ɓatar da mu. Baron daga baya ya zo. Da na duba da kyau, da na ga tayar ta bi ta kan sawun mutumin bayan raɓa ta sauka. Mu koma tsamiya."

A ranar aka yi shela a masallatai da kasuwanni: duk wanda ya tsinci wata guntuwar waya ta ƙarfe, tsawon ɗan yatsa, mai ƙulli a baki, kada ya taɓa, ya yi nesa da ita, ya sanar. Dakta ta buga waya Abuja ga hukumar da ke kula da irin waɗannan kaya, suka ce sun taso. Gari ya cika da jita-jita. Wasu mata suka daina ɗiban ruwa a rijiyoyin da ke kusa da rafin, har aka fara cewa a rufe ɗakin hoton gaba ɗaya.

*

Sawun gabas ya fi wuyar bi, don awaki sun tattaka shi. Hamma ya riƙa tsallake wurin da ya lalace yana kama shi a gaba. Da farko mutumin na tafiya da sauri, taku mai faɗi. Sun yi nisa sosai a cikin gonaki kafin takun ya fara gajarta.

A gindin wani kalgo Hamma ya tsaya ya nuna da sanda.

"Nan ya dafa itace ya yi amai. Tururuwa sun kwashe, amma ga tabon." Suka ƙara gaba kaɗan. "Nan ma. A nan har zama ya yi. Ko tsoro ne ya kama shi, ko ya ci wani abu."

Dakta ta daɗe tana kallon wurin.

"Ba abinci ba ne, Baba. Haka tururin yake farawa in ya yi yawa. In har amai ya zo masa tun bai kai gida ba, to a jikinsa take. A aljihu ya sa ta."

"Zai rayu?"

Ta ɗaga mitar ta ci gaba da tafiya. Ta ce, "Duk wanda ke kwana kusa da shi ma yana sha."

A bakin kwalta, bayan wata dalbejiya, suka ga inda aka jingine babur. Tayar ta hau titi ta karkata wajen hanyar Sandamu. Daga nan babu abin da ya rage a bi.

Hamma ya zauna a kan wani dutse, ya ɗora haɓa a kan sanda.

"Yallaɓai, wannan ba ɓarawon ƙarfe ba ne, don ya yar da ƙarfen da ake saye. 'Yata, wanda ya san abin nan zai sa shi a aljihu?"

"Ko ɗalibin da ya yi mako ɗaya a ajina ba zai yi ba."

"To ba Nu'uman ba ne. Wannan mutumin ya bar komai na ɗakin, ya ɗauki abu ɗaya, ya sha wahala ya fasa shi don ya ciro abin da ke ciki. Me yake zaton zai samu?"

*

Tambayar da suka kai wa Nu'uman ke nan a ofishin 'yan sanda. Idanunsa sun kumbura, rigarsa ta yamutse. Ya yi tunani, sannan ya ce a hankali, "Hoto. Abin da ake nema a cikin kyamara ke nan."

"Akwai hoto a cikinta?" in ji Hamma.

"Babu, Baba. Sunan ne kawai. Fim ake ɗaurawa a bayan ƙarfen, tururin ya ratsa ya zana a jikinsa. Fina-finan suna ofishin Dakta, na wanke su ranar Juma'a." Ya tsaya. "Ranar da muka je Rijiyar Kalgo, mai waldar da ya haɗa ƙafafun tankin yana wurin. Mainasara sunansa. Mutanen garin ba sa ko amsa sallamarsa, sun ce shi ya kashe musu mutane. Da muna loda kaya ya zo ya tambaye ni ko aikinsa ya shiga cikin kyamarar. Ina sauri, rana ta yi, na ce masa eh, komai na ciki."

Sufeto ya miƙe. "A je a kamo shi."

"In aka je da mota ya hango, zai jefa ta a rijiya ko a rumbu ya ce bai sani ba," in ji Hamma. "Kuma ban ga tafiyarsa ba tukuna. Na yi kuskure sau ɗaya, ba na son na biyu. A kira shi nan tare da sauran, a ce kwamitin binciken faɗuwar tankin ne ke son jin ta bakin kowa."

Dakta ta so ta yi gardama, don kowace sa'a tana da tsada. Sai da Sufeto ya yi alkawarin dagacin garin zai turo shi da sassafe, sannan ta haƙura.

*

Da gari ya waye Hamma ya sa aka share farfajiyar ofishin, aka yayyafa ruwa. Aka ajiye benci a can ƙarshe, yadda duk mai zuwa sai ya ratsa yashin. Aka fito da Nu'uman. Amadu mai gwangwan ya zo yana ta rantsuwa tun daga ƙofa. Yazid, direban da ya kai ma'aikatan jami'a ƙauyen, ya zo yana tambayar laifinsa. Na ƙarshe shi ne Mainasara.

Dogo ne, bai wuce shekara talatin da 'yan kai ba, hannayensa duk tabon wuta. Ya sa sabon takalmi sau-ciki da doguwar riga. Leɓɓansa sun bushe. Ya gaishe da Sufeto cikin ladabi, ya zauna a gefen benci da ɓarin jikinsa na hagu.

Hamma ya bi layukan sawun huɗu yana sunkuye. A kan na ƙarshe ya daɗe. Sannan ya zo ya tsuguna a gaban Mainasara.

"Ɗana, ina takalminka na aiki?"

"Ya tsinke, Baba. Na yar."

"Allah ya musanya. Ka ga, mutum yana sauya takalmi amma ba ya sauya yadda yake ajiye ƙafa. Ƙafarka ta hagu tana buɗewa waje, bakin takalmin yana tonon ƙasa in za ka ɗaga. Haka na gani a bayan katangar jami'a, haka na gani a gindin tsamiya. Abin da ban gani a can ba shi ne wannan ɗingishin na dama. Sabo ne."

"Salansar babur ce ta ƙone ni."

"A ƙwauri salansa take ƙona mutum. Kai cinya kake karewa."

Mainasara ya juya wajen Sufeto. "Yallaɓai, tun da tankin nan ya faɗi ake neman abin da za a ɗora min. Yanzu kuma sata? Ni ban taɓa shiga jami'a ba."

"Ka ji shelar da aka yi?"

"Na ji. Dabarar kama mutum ce, kowa ya sani."

Dakta ta matso. Ba ta ɗaga murya ba.

"Malam Mainasara, ba zan tambaye ka ko ka ɗauka ba. Zan faɗa maka abin da ya same ka, in ƙarya nake ka ce ƙarya ne. Ka yi amai a hanya. Washegari ka ji sauƙi, ka ɗauka zazzaɓi ne. Daidai inda aljihunka yake fatar ta yi ja kamar ƙunar ruwan zafi, alhali ba abin da ya zubo maka. Yanzu ta fara tashi, tana yi maka zugi har cikin ƙashi. Hannunka na dama ma ya fara."

Ya ɓoye hannun a cikin riga.

"Babu hoto a cikin abin nan, wallahi babu. Hotunan suna ofishina. Abin da ka ɗauka yana ƙona duk mai rai da ke kusa da shi, ko ta bayan bango. Wa ke kwana a ɗakinka?"

Amadu ya daina motsi. Can sai ga hawaye na bin fuskar Mainasara.

"Shatu," ya ce. "Matata. Tana da ciki. Tun shekaranjiya take amai, muka ce na cikin ne."

"Ina ka ajiye?"

"A gwangwanin madara, a kan taga, saitin gado." Ya kama gefen benci. "Na ɗauka irin memorin waya ne. Da na yi niyyar narkar da shi. Sai na kasa. Na ce bari in kai Kano wani ya buɗe min in gani da idona, ko ni ne na kashe su. Ba na barci, Dakta. Yarinyar nan, Siddiƙa, kullum ta ƙofar shagona take wucewa da bokiti. Mai gadin kuma ban yi niyyar dukansa ba, juyowa ya yi zai haska ni."

Sufeto bai jira ƙarshen maganar ba, ya riga ya nufi mota.

*

A Rijiyar Kalgo, tun daga bakin lungun su Mainasara mitar ta fara kuka. Dakta ta hana kowa wucewa. Ta tsaya a inda take ta ƙwala kira.

"Shatu! Shatu matar Mainasara! Ki fito yadda kike, kar ki ɗauki komai!"

Wata siririyar mata ta leƙo, tana dafe da bango. A bayanta wata tsohuwa ta fito goye da yarinya. Shatu ta juya za ta koma ɗauko mayafi, Hamma ya daka mata tsawar da bai taɓa yi wa mace ba.

"Kar ki koma! Taho nan, 'yata, taho!"

Wata maƙwabciya ta cire nata mayafin ta yafa mata. Aka fitar da mutanen gidajen da ke kewaye, da awakinsu da kajinsu, aka tare lungun da igiya. Dagaci ya sa mutane gadi. Da ma'aikatan Abuja suka iso, da wani awartaki mai dogon hannu suka ɗauko gwangwanin ta taga, suka juye a tukunyar dalma suka rufe. Mitar ta yi shiru.

Yarinyar, Firdausi 'yar Mainasara, a ɗakin kakarta take kwana can ƙarshen gida, likitoci suka ce da sauƙi, amma a riƙa kawo ta ana duba jininta. Shatu ta daɗe a asibiti a Kano. Cikin ya zube, gashinta ya kakkaɓe, daga baya ta tashi. Ya'u mai gadi ya farfaɗo, sai dai kunnensa ɗaya ya daina ji. An saki Nu'uman, aka wanke Amadu. Nu'uman ya koma aiki, amma ya roƙi a ɗauke masa fita da kyamara.

Sai bayan an kai Mainasara asibiti a Kano ne Dakta ta sami zama ta ɗora fina-finan a kan fitilar dubawa. Ta duba su ɗaya bayan ɗaya, ta sake dubawa, ta kira wani abokin aikinta shi ma ya duba. Sannan ta shiga mota ta tafi Kano.

An riga an yanke masa ƙafar. Akwai ɗan sanda a bakin ƙofa, ko da yake babu inda majinyacin zai iya zuwa. Ta ɗaga fim ɗaya a saitin taga.

"Ka ga wannan farin layin? Waldarka ce. Babu rami, babu tsagewa, duk ƙafafun haka suke. Ka ga nan kuma, inda ya yi duhu? Bututun ne. Tsohon bututu ne da tsatsa ta cinye ta ciki, aka shafe shi da fenti aka kawo maka a matsayin sabo. A nan ya karye, nesa da inda ka taɓa."

Ya daɗe yana kallo. Bai yi murmushi ba.

"Ashe da na jira," ya ce. Bayan wani lokaci ya ƙara, "Ki kai wa Malam Hussaini, baban Siddiƙa. Ki nuna masa a gaban mutane. Kada Firdausi ta tashi ana ce mata 'yar wanda ya kashe mutane."

Ya rasu kafin a gama ɗaure gero.

*

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Dakta da Hamma suka je Rijiyar Kalgo. Ƙafafun tankin suna nan a lanƙwashe inda suka faɗi, yara sun daina wasa a wurin. A ƙofar gidan dagaci ta ɗaga fim ɗin a rana, ta yi bayani da Hausar da kowa zai gane. Mutane suka riƙa matsowa suna leƙe. Wasu daga cikin waɗanda suka daina amsa sallamar Mainasara suka zame a hankali suka bar wurin.

Malam Hussaini ya karɓi fim ɗin da hannu biyu. Ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa.

"Ni ban iya karanta wannan ba, Dakta. Amma na yarda da ke. Allah ya jiƙan Mainasara, ya yafe mana." Ya miƙa mata. "To wanda ya kawo bututun fa?"

"Ɗan kwangila ne," in ji dagaci. "Tun ranar da abin ya faru ba a sake ganinsa ba. Wayarsa a kashe, ofishin da ya ce nasa ne a Katsina an je an tarar shagon ɗinki ne."

Malam Hussaini ya juya wajen Hamma ya kama hannunsa.

"Baba, an ce ba sawun da yake ɓace maka. Ka bi min wannan."

Hamma ya dubi titin da ya ratsa gefen garin.

"A mota ya zo, a mota ya tafi, Malam. Ƙafarsa ba ta taɓa yashin garin nan yadda zan gani ba." Hannunsa na cikin na mutumin. "Amma bututu ba ya zuwa da kansa. Wani ya sayar, wani ya shafa fenti, wani ya ɗauko a mota ya sauke a nan. Wa ya ga motar da ta sauke?"

Daga bayan taro wani dattijo mai sayar da rake ya ɗaga hannu.

Hamma ya cire takalmansa ya rataya a sanda, ya ce masa, "Zo ka nuna min inda ta tsaya."